Tarbar Goggo a Tsohon Filin Jirgi

Ina da shekara shida Goggo ta tafi Makka. Abin da na iya riƙewa na ranar bai wuce jakuna biyu da aka ɗora wa mangala a ƙofar gida ba, sai kuma kakarmu da ta zagaya bayan rumbu tana share hawaye don kada a gani. Goggo ita ce babba a ɗakinsu, babanmu ke bi mata, sai Baffa wanda shi ne auta. Ita da mijinta suka bi ayarin wasu mutanen Darki, suka yi gabas a ƙasa, kamar yadda kowa yake yi a lokacin.

Daga nan labarinta ya zama sai jefi-jefi. Wani zai dawo ya ce ya gan su a ƙasar Sudan suna tsinkar auduga don su tara guzuri. Bayan wasu shekaru wani ya zo da labarin mijin ya rasu a can, ita kuma tana sayar da abinci a bakin wata tasha. Sai aka yi shiru mai tsawo. Har kakarmu ta koma ga Allah ba ta daina ware mata kasonta ba duk lokacin da aka raba wani abu a gida, amma mu sauran, gaskiya, mun cire rai.

Shekara goma sha bakwai da tafiyarta, a daminar da na yi aure na kuma kafa keken ɗinkina a wata rumfa a kasuwar Wudil, sai ga wani alhaji mutumin Dagumawa ya yi sallama a gidanmu da takarda. Shi a jirgin sama ya je ya dawo, abin da bai daɗe da farawa ba a ƙasarmu. Ya ce ya haɗu da Goggo a Jidda, ta sauke farali, ta kuma tara abin da zai kawo ta gida. Tana nan tafe a jirgin alhazan da zai sauka Kano ran Laraba ta sama.

Babanmu a lokacin kurkunu ya kwantar da shi, ko masallaci sai an riƙe shi. Ya ce Baffa ya je, ni kuma in raka shi. Da za mu fita ya kira mu har bakin gadonsa.

"Ku ji da kyau," in ji shi. "Maganar rasuwar Inna, kada wanda ya faɗa mata a hanya. Ku bari ta shigo gida, ta sha ruwa, ni zan gaya mata da bakina."

Muka ce to.

Ni dai abin da ke raina jirgin ne. Mun saba ganinsa yana wucewa ta saman kogi, ƙarami kamar shirwa, kuma ba ranar da ba a gardama a kansa a rumfarmu. Wani ya ce fukafukansa na kaɗawa, nisa ne ya hana mu gani. Wani ya ce a kwance ake jera mutane a ciki. Maƙwabcina mai ɗinkin hula ya riƙe hannuna ya ce in Allah ya sa na je kusa, in duba masa ko yana da ƙafafu.

Ran Talata muka hau babbar mota mai bodin katako, muka sauka a Fage gidan mai masaukin Baffa, wani mahauci da suka daɗe suna hulɗa. Baffa dillalin shanu ne a karar Wudil, kuma a bakinsa ba lungun da bai sani ba a Kano. Amma da gari ya waye aka zo maganar yadda za a je filin jirgi, sai ya shiga gyara zaman hularsa.

Mai masauki ya ce akwai wata mota mai gilasai da ke zuwa can daga masaukin Turawa, sai dai ba ta ɗaukar kowa sai mai tikitin jirgi. Akwai kuma tasi a Sabon Gari. Baffa ya ce shi ba zai shiga motar da ake faɗin kuɗinta da Turanci ba. Wani mai sayar da goro da ke sauraronmu ya ce ai da ƙafa ma ana zuwa, mu miƙe arewa kawai, mu bi ƙarar jirgi. A ƙarshe mai masauki ya kai mu wurin mai hayar kekuna, ya tsaya mana, aka ba mu wani baƙin keke mai kariya a baya.

Baffa bai taɓa hawa keke ba. Ya tattare babbar rigarsa ya ɗora a kafaɗa, ya zauna a kariya, ya damƙe ƙuguna da hannu biyu kamar wanda ya kama ƙahon bijimi. Duk ramin da muka faɗa sai ya yi salati. Duk motar da ta taho sai ya ce, "Kauce, kauce, ka ba ta hanyarta, ba gadon ubanmu ba ce." A haka muka wuce Sabon Gari, muka wuce wasu lambuna, gidaje suka ƙare, muka shiga tsakanin gonaki. Gero ya yi kai, ko'ina kore shar.

Can sai ga wani dogon gini fari, sabo fil, da wata hasumiya mai gilashi a samansa. Motoci a jere a gaba. Muka sauka muka turo keken har bakin ƙofa, inda wani maigadi mai kakin soja da ya koɗe ya tare mu da sanda. Baffa ya yi masa doguwar gaisuwa, ya tambaye shi gida da iyali da ruwa, sannan ya faɗi abin da ya kawo mu.

"Alhaji ba ya sauka nan," in ji maigadin, da irin Hausar bariki. "Nan na jirgin Ingila ne, da manya-manya. Alhaji can tsohon fili. Ku koma baya, ku bi waya, ku yi ta bi, kada ku sake ta."

Ashe wurin biyu ne. Akwai wannan sabon da kowa ke kwatance da shi, akwai kuma tsohon da sojojin sama suka bari tun lokacin yaƙi, can ta ɗaya gefen, kuma a shekarar a nan ake sauke alhazai. Ba wanda ya gaya mana haka a gari, wataƙila don su ma ba su sani ba.

Hanyar da ke bin wayar shingen filin ba ta keke ba ce, 'yar siririya ce mai taɓo, don haka muka tura. Muna cikin tafiya muka iske wani manomi, dattijo mai furfura a gemu, yana maimai a gonar gyaɗarsa da ta dangana da wayar, jakinsa na kiwo a gefe. Muka yi masa barka da aiki, ya ba mu ruwa a gora. Na kasa haƙuri na tambaye shi ko ƙarar nan ba ta damunsa.

Ya yi dariya. Ya ce da farko kajinsa sun daina ƙwai, matarsa kuma ta koma gidansu har kwana tara. Yanzu kuwa ko jakin nan ba ya ɗaga kunne. Ya ce shi da jirage yake gane lokaci: akwai mai zuwa da hantsi, akwai wanda in ya tashi ya san azahar ta kusa.

"Ka taɓa shiga ciki, Baba?" na tambaye shi.

"In je ina?" ya ce, ya duƙa ya ci gaba da nomansa.

Tsohon filin wasu dogayen rumfunan kwano ne da suka yi tsatsa, da itatuwan darbejiya, da jama'a maƙil a ƙarƙashinsu, kowa ya zo tarbar nasa. Akwai masu motoci da suka zo da direbobinsu, akwai irinmu. Muka sami gindin itace muka jingine keke. Tun hantsi muke zaune har aka yi azahar, muka yi salla a kan ciyawa. Ba wanda ya san lokacin da jirgin zai zo. In ka tambayi ma'aikaci sai ya dubi sama ya ce yana hanya.

Abin da ya fi ba ni mamaki a zaman nan wani mutum ne a kan raƙumi, can cikin fili, riƙe da kakaki. Na tambayi na kusa da ni ko wani basarake ake jira. Ya ce a'a, aikinsa ke nan, in jirgi ya kusa sai ya busa don masu ratsa fili da awakinsu su kauce. Ina cikin jinjina wannan sai kuwa ya ɗaga kakakin ya busa. Jama'a duk suka miƙe.

Daga gabas ya ɓullo, ɗan ɗigo, sannan ya yi ta girma. Na zuba ido sosai saboda saƙon mai hula. Fukafukan ba sa kaɗawa ko kaɗan, wasu farfela huɗu ne ke juyawa a jikinsu. Da ya matso ƙasa sai na ga cikinsa ya buɗe, tayoyi sun zuro, kamar yadda shamuwa ke sako ƙafafu in za ta sauka kan kuka. Ya taɓa ƙasa, ruwan da ya kwanta a fili ya yi feshi, ya yi ta gudu har na ce ba zai tsaya ba. Sannan ya juyo a hankali ya nufo mu. Ƙarar a ƙirjina nake jin ta. Baffa, wanda bijimi ba ya razana shi, ya koma bayan itace.

Aka turo tsani mai taya, aka buɗe ƙofa. Mutane suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya suna dafa ƙarfe, wasu na taka ƙasa sai su faɗi su yi sujada. Ba a bar mu mun matsa ba. Aka shige da su rumfar kwano don duba katin allura da kaya, muka ƙara wani jiran.

A nan ne Baffa ya ce mini a hankali, "Kai, anya zan gane ta?"

Ni kuwa a zuciyata Goggo wata doguwar mace ce da nake ɗaga kai in kalla.

Ba mu muka gane ta ba. Muna ta leƙen fuskokin masu fitowa sai muka ji an kira Baffa da wani suna na tsokana da aka laƙaba masa yana yaro, sunan da ni kaina sau ɗaya na taɓa ji, kuma wanda ya faɗa sai da ya sha mari. Muka waiwaya. Wata 'yar gajeriyar tsohuwa ce, baƙa siririya, ta naɗe jikinta da wani dogon farin mayafi irin na matan Sudan. Baffa ya durƙusa a gabanta, babbar riga a cikin taɓo.

"Yaya," ya ce.

"Tashi, Auta, kana ɓata rigarka," in ji ta. "Dubi furfura. Wa ya ba ka izinin tsufa?" Sai ta juyo gare ni, ta daɗe tana kallona. "Wannan kunnen na gidanmu ne. Kai ne mai kuka in an aske maka kai?"

Na ce ni ne. Na durƙusa na yi mata barka da sauka, Allah ya sa karɓaɓɓiya. Hausarta na nan daram, sai dai takan jefa kalmar Larabci a tsakiya ba ta sani ba.

Kayanta uku ne: wata adaka mai nauyin gaske, ƙunshin tabarma da aka ɗaure gwangwanayen zamzam a ciki, da wani faffaɗan kasko na baƙin ƙarfe da ta ce da shi ta ci abinci shekara goma sha ɗaya, ba za ta bar shi a ƙasar wasu ba. Muka dubi kayan, muka dubi keke.

Akwai babbar mota guda da aka kawo don kai alhazai gari. Kafin mu jawo adakar, masu ƙarfi da masu 'yan'uwa da yawa sun cika ta har saman bodi. Direba ya ce zai dawo. Wani ma'aikaci ya ce mana kada mu dogara da hakan, jiya ma haka ya ce. Masu ƙananan motoci suka kwashi nasu suka tafi. Kafin wani lokaci wurin ya yi fayau, daga mu sai wasu tsofaffi 'yan ƙasar Haɗeja da suka shimfiɗa tabarma suka ce su ko kwana ne za su yi.

Baffa ya shiga faɗa da iska, yana cewa da a Wudil ne da mota uku ya samo. Goggo ta bar shi ya gama.

"Nan da gari mil nawa ne?" ta tambaya.

Na ce ba zai wuce biyar ba.

"Biyar," ta maimaita, ta yi wata 'yar dariya. "Ba jaki a ƙasar nan?"

Na hau keke na koma wurin manomin nan. Da ya ji Hajiya ce ta sauka ba abin ɗaukar kaya, ya ajiye fartanya ya kamo jakinsa. Goggo da kanta ta tsaya aka yi ɗaurin, adaka a gefe guda, tabarma da zamzam a ɗaya gefen, ta sa aka ƙara dutse don nauyi ya daidaita. Manomin ya ce bai taɓa ganin mace ta iya ɗaurin kaya haka ba. Kaskon kuwa aka ɗaure shi a kariyar keke. Baffa ya roƙe ta ta hau jakin ko keken, ta ce ta gaji da zama, ƙafafunta sun yi tsami.

Haka muka kamo hanya: manomi da jakinsa a gaba, Goggo da Baffa a tsakiya, ni a gefenta ina tura keke. Na daure har muka fita daga taɓo muka hau titi, sannan na fara.

"Goggo, wai da gaske a zaune ake a ciki?"

"To da a rataye?" ta ce. "Kujeru ne a jere kamar na 'yan makarantar boko. Sai a ɗaure ka da ɗamara kamar akuyar da za a kai kasuwa."

Ta ce kafin a tashi wata Baturiya ta bi kowa da faranti, ta ba shi alawa da ɗan guntun auduga. Alawar a tsotsa, audugar a toshe kunne. Ita ta tsotsi alawar, amma audugar da ta murza ta ji kyanta, irin mai dogon gashi ce da ta yi shekaru tana tsinka, sai ta ƙulle ta a bakin mayafi. Ta kwance ta nuna mini. Saboda haka har yanzu kunnenta na hagu a toshe yake, in zan yi magana in dawo dama.

Na koma dama. "In mutum ya matsu fa?"

"Akwai ɗan ɗaki a baya."

"To ina abin yake zuwa?"

"Ban tambaya ba. Kai ma kada ka tambaya, in dai kana kwana a waje da bazara."

Manomin ya yi dariya har sai da ya dafa jaki. Baffa ya ce in bar ta ta huta, amma shi ma ya matso, ya tambayi yadda suka yi salla. Ta ce nan aka sha gardama. Malamai biyu ne a jirgin, ɗaya ya ce a yi taimama a yi a zaune, ɗaya ya ce ina alƙibla ga wanda ya ba Makka baya yana gudu? Suna cikin musu jirgin ya sauka a wani gari don ya sha mai, kowa ya fita ya yi sallarsa a ƙasa, magana ta mutu.

Na tambaye ta abin da ake gani daga sama. Ta ce ba ita ce a bakin taga ba, wani Bazazzagi ne, amma da aka ce sun shigo saman Sudan ta roƙe shi suka yi musaya. Tana so ta ga garin da aka binne mijinta. Ba ta ga komai ba sai ƙasa ja, da wani kogi kamar zaren da ya faɗi daga keken ɗinki.

"Inda muka yi wata huɗu muna tafiya," in ji ta, "har jakinmu ɗaya ya mutu, ban gama jan carbi ba aka ce mun wuce."

Daga nan ita ta karɓi tambaya. Komai ta gani sai ta tsaya. Ta ga famfo a bakin titi mata na tara ruwa, ta je ta murɗa da hannunta ta sha. Ta ce yaushe kekuna suka yi yawa haka, da ta tafi ai na malamin haraji kaɗai ta sani. Ta tsayar da wata mai tallan dafaffiyar gyaɗa don kawai ta ji yadda ake kiran talla yanzu. Da muka hango dalar gyaɗa daga nesa, an lulluɓe da tamfol saboda ruwa, ta ɗauka wasu duwatsu ne da ta manta da su. Da Baffa ya ce buhuna ne aka jera, ta ce, "Duk wa zai ci?" Baffa ya ce Turawa. Ta ce lallai suna da ciki.

Sai ta shiga tambayar mutane. Ina liman na unguwarmu? Baffa ya ce ya rasu. Mai kitson nan ta bakin rijiya? Ta rasu. Makahon da ke saƙa igiya? Yana nan, har ya ƙara aure. Ta bi gida-gida, daga bakin kasuwa har gangaren kogi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta tambayi babanmu, ta tambayi tsamiyar ƙofar gida, ta tambayi wata saniya da aka daɗe da yankawa. Ina lura, duk lokacin da ta buɗe baki sai Baffa ya kau da kai. Amma ba ta tambayi kakarmu ba.

Mun kusa lambunan bayan Sabon Gari hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kaɗa dawa. Muka ruga wata rumfar kara da masu lambu ke ajiye kaya, muka shigar da jaki rabi. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Goggo ta zauna a kan wani juyayyen kwando, ta miƙa hannu waje ruwan na zuba a tafinta. Ta ce a inda ta zauna sai a shekara ba a ga irin wannan ba.

Tana kallon ruwan ta ce, "Auta, Inna shekara nawa yanzu?"

Baffa ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya fara cewa, "Ai, Yaya, in mun isa gida..."

"Ba shekarunta na haihuwa nake tambaya ba. Tun da na fito daga rumfar can nake jira ka ce Inna na gaishe ki. Da tana da rai, da shi za ka fara faɗa kafin ka ce Yaya."

Baffa ya sunkuyar da kai. "Huɗu," ya ce. "Da kaka. Ba ta yi doguwar jinya ba."

Ta yi salati a hankali. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ka jin komai sai ruwa a kan kara. Manomin ne ya fara ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa. Bayan wani lokaci ta buɗe fuska, ta share da gefen mayafi, ta ce a cikin adakar nan akwai farin yadi da ta wanke da zamzam ta ajiye wa Inna. Ta ce to, Allah ya sa na wani ne.

Na ce mata babanmu ya hana a faɗa. Ta ce, "Na san shi. Ku bar shi ya gaya mini, zan yi kamar ban ji ba. Kada ku kunyata shi."

Da ruwa ya tsagaita muka ci gaba. Muka ratsa gefen Sabon Gari, inda masu shaguna suka fito suna kallon jaki da adaka da tsohuwa mai farin mayafi, wasu na ɗaga hannu suna cewa Hajiya sannu. Muka isa Fage la'asar sakaliya. Aka sauke kaya a zauren mai masauki. Manomin ya ƙi karɓar komai, ya ce shi dai a sa masa albarka. Goggo ta buɗe adaka ta cika masa hula da dabino, ta sa aka huda gwangwani guda aka zuba masa zamzam a gorarsa. Ya riƙe gorar da hannu biyu, ya ƙi rataya ta a jikin jaki, haka ya juya ya tafi.

Na ɗauka tafiya ta ƙare, na mayar da keke. Ina dawowa na iske Goggo a tsaye a ƙofar gida. Ta ce tun a Sudan take jin an gina sabon masallaci a birni, kuma ita ba za ta ce ta iso Kano ba tana bayan ganuwa. Baffa ya ce ƙafafunsa sun mutu. Ni na raka ta.

Muka shiga ta Ƙofar Mata, muka wuce marina suna kwashe shanyar da ruwa ya jiƙa, muka miƙe har filin masallaci. Ga shi nan fari tas bayan ruwa, da koriyar ƙubba da hasumiya biyu. Na zuba mata ido in ji abin da wadda ta ga Ka'aba za ta ce. Ta zagaya ta gefe, ta ɗaga kai, ta ƙanƙance ido.

"Ba laifi," ta ce. "Sun yi ƙoƙari."

Ta sami inuwar wani gini ta tsaya ta fuskanci gabas, ta daɗe tana addu'a, leɓɓanta kawai ke motsi. Ni na ja gefe ina kallon tattabaru. Da ta gama ta ce mu koma kafin magariba, gobe da sammako.

Washegari muka sami mota ta Wudil. Direba ya ba ta gaba don girmamawa, mu muka hau baya da kaya. Labari ya riga mu isa, don tun daga gada muka hango jama'a a tsaye a bakin tasha, mata da yara da dattawan unguwa, har da masu guɗa. Mota ta tsaya, aka sauke adaka, aka yi caa a kanta ana sannu da zuwa.

Ita kuwa hancinta ya juya wani wajen. A gefen titi akwai wata mata da ke suyar kifi, irin na koginmu, ana fito da shi daga mai ana barbaɗa yaji. Goggo ta ratsa mutane ta nufi wurin, ta nuna wani ƙaton karfasa, aka naɗe mata a ganye. Ta dawo ta zauna a kan adakarta a tsakiyar tasha, ta yi bismilla.

"Ku yi mini haƙuri," ta ce da jama'a. "Na can na teku ne, ba ya da ɗanɗano."

Dattawa suka tsaya riƙe da sandunansu, masu guɗa suka yi shiru, aka jira ta. Ta ci a natse, tana zare ƙaya ɗaya-ɗaya tana ajiyewa a gefen ganye. Da ta gama ta nemi ruwa ta wanke hannu, ta miƙe ta gyara mayafi, ta dubi sabon liman ta fara gaisuwa tun daga farko.